Farar Tuta da Farar Riga

Da safiyar ranar 30 ga Afrilu, 1943, wani masunci a gaɓar Huelva, kudancin Sifaniya, ya hango wani abu yana lilo a kan ruwa. Da ya matsa da kwalekwalensa sai ya tarar gawar wani Bature ce, sanye da kakin soja, ga baƙar jaka ɗaure a jikinsa da sarƙa. Takardun aljihunsa sun nuna sunansa Manjo William Martin, hafsa a rundunar ruwa ta Birtaniya. Hukumomin Sifaniya suka karɓi gawar, suka adana jakar. Ranar 2 ga Mayu aka binne shi a maƙabartar garin da girmamawa irin ta soja.

Babu wani Manjo Martin a duniya. Mutum biyu ne suka ƙaga shi a Landan: Ewen Montagu, lauyan da Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar jami'in leƙen asirin sojan ruwa, da Charles Cholmondeley, hafsan sojan sama da aka ba hukumar leƙen asiri ta MI5 aro. Dalili kuwa, tun watan Janairun shekarar, a taron Kasabalanka, Birtaniya da Amurka suka tsai da shawara cewa da zarar sun gama da Afirka ta Arewa, tsibirin Sisili za su faɗa wa. To amma ko ɗan firamare aka miƙa wa taswirar Bahar Rum, Sisili zai ɗora wa yatsa. Ga ta nan tsaye a tsakiyar hanya, tsakanin Tunisiya da Italiya. Ɓoye shirin bai taso ba. Abin da ya rage shi ne a sa Jamusawa su ga gaskiya da idonsu, su ce ƙarya ce.

Ka ce samun gawa a tsakiyar yaƙi ba wani aiki ba ne. Amma kowace gawa da danginta, dangi kuma ba su rasa tambaya. Sai da jami'in binciken mace-mace na yankin St Pancras, Bentley Purchase, ya sanar da su cewa ga wani da ba mai nemansa, wanda ya mutu a ƙarshen Janairu bayan ya ci maganin ɓera. Shahararren likitan binciken gawa, Sir Bernard Spilsbury, ya ba su ƙarfin gwiwa cewa da wuya likitocin Sifaniya su gano ainihin abin da ya kashe shi. Aka ajiye gawar cikin sanyi kusan wata uku, su kuma suka duƙufa ɗinka mata rayuwa.

A nan gwanintar take. Sun san cewa takardar sirri tsirararta ba ta gamsar da mai bincike. Abin da ke gamsar da shi tarkacen aljihu ne. Saboda haka suka yi wa Manjo Martin budurwa mai suna Pam, suka saka hotonta, wanda a gaskiya hoton wata ma'aikaciyar MI5 ne, da wasiƙun soyayya biyu. Suka saka rasiɗin zoben baiko na fam 53 da sule 10 da sisi. Suka saka takardar banki tana tuna masa cewa ya ci bashin fam 79 da sule 19 da kwabo 2, da wasiƙar mahaifinsa mai ɗan faɗa-faɗa, da guntayen tikitin gidan wasa, da makullai, da taba. Mutum ne mai ɗan sakaci da kuɗi, mai shirin aure, irin wanda kowa ya san ɗaya a danginsa. Cholmondeley da kansa ya riƙa sa kakin yana yawo da shi don kada ya yi kama da sabo. Hoton katin shaida ya ba su wahala, domin duk yadda aka gyara gawa a gaban kyamara, gawa ce take fitowa. Sai da suka sami wani jami'i mai kama da mamacin. Ranar da za a sa masa takalma ma, ƙafafun sun daskare, sai da aka gasa su da hita.

Duk wannan ado ne. Ainihin ƙugiyar wasiƙa ce daga Janar Archibald Nye, mataimakin shugaban hafsoshin sojan ƙasa, zuwa ga Janar Harold Alexander a Tunisiya, kuma Nye ne ya rubuta ta da kansa, cikin salon hirar manya da suka saba da juna. A tsakiyar zancen ya ambaci saukar sojoji a Girka. Sannan ya nuna cewa Sisili ita ce sunan da za a riƙa kaɗawa don a ɗauke hankalin abokan gaba. Wata wasiƙar kuma, daga wani babban hafsa, Mountbatten, zuwa ga Admiral Cunningham, ta yi ɗan barkwanci game da kifin sadin, don mai karatu ya gano Sardiniya da kansa ya ji daɗin wayonsa. Dubi abin da wannan ya haifar: daga ranar da Jamusawa suka yarda da wasiƙar, duk jirgin da suka gani ana tarawa wajen Sisili, duk bam ɗin da aka jefa mata, sai ya zama ƙarin hujja cewa ba can za a zo ba.

Jirgin ƙarƙashin teku mai suna Seraph ne ya ɗauki gawar daga Sikotilan, cikin wani bututun ƙarfe da aka ce wa ma'aikatan jirgin na'urar auna yanayi ce. Da asubar 30 ga Afrilu kwamandansa, Bill Jewell, ya karanta addu'a, aka zura gawar cikin ruwa. Ba a zaɓi Huelva da ka ba. A takarda Sifaniya ba ta cikin yaƙin, amma da yawa daga jami'an gwamnatin Franco, mai mulkin ƙasar, zuciyarsu tana wajen Jamus, kuma a garin akwai wani ɗan leƙen asirin Jamus mai himma, Adolf Clauss. Landan ta shiga aika wayoyi na gaggawa a kan a karɓo jakar ko ta halin ƙaƙa, ta hanyar da ta san Jamusawa suna karantawa. A Madrid aka zaro wasiƙun daga ambulan ba tare da an fasa hatimi ba, aka ɗauki hotonsu, aka mai da su, aka miƙa wa Birtaniya jakarta kamar ba a taɓa ba. Amma an saka gashin ido guda cikin ninkin wasiƙar tun a Landan, kuma da ta dawo babu shi. Ba a jima ba masu warware saƙonnin sirri na Bletchley Park suka ga labarin yana yawo a wayoyin rundunar Jamus. Ranar 4 ga Yuni jaridar The Times ta buga sunan Manjo Martin cikin jerin waɗanda suka rasu, saboda masu karanta jaridar a Balin.

Hitila dama yana da fargabar yankin Balkan, inda yake samun man fetur na Romaniya da ma'adinan da masana'antunsa ke ci. Wasiƙar ba ta koya masa sabon abu ba, ta dai sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Aka ɗauko rundunar tankokin yaƙi guda daga Faransa aka kai Girka, aka ƙara ƙarfi a Sardiniya. Daren 9 ga Yuli, wayewar 10, sojojin ƙawance suka sauka Sisili. Ranar 25 ga watan aka tuɓe Musolini, mai mulkin Italiya. Har a lokacin Hitila bai saki zancen Girka ba, ya tura kwamandansa Rommel can. Masana tarihi suna jayayya a kan ko nawa ne rabon gawar nan cikin nasarar, domin ɗaya ce cikin dabaru da yawa da aka haɗa a lokaci guda. Amma babu mai musun cewa an haɗiye ta.

Shekara guda bayan haka aka maimaita darasin da faɗi. Kafin saukar Normandi ta 6 ga Yuni, 1944, aka ƙirƙiro rundunar Amurka sukutum wadda babu ita sai a saƙonnin rediyo da jiragen bogi, aka ce Janar Patton ke jagorantarta, za ta tsallaka Faransa ta wajen Kale. Wani ɗan Sifaniya, Juan Pujol, yana aika wa Jamus rahotanni daga wakilai 27 da duk a kansa suke zaune. Jamus ta ba shi lambar yabo, Birtaniya ma ta ba shi.

Bayan yaƙi ba wanda ya kai Montagu kotu, ba kuma wanda ya ga ya kamata. Dokokin yaƙi da aka rattaba wa hannu a Hague a 1907 sun halatta dabarun ruɗar abokin gaba a fili. Amma a cikin dokokin nan dai aka haramta kisa ta hanyar cin amana, aka haramta wasa da farar tuta da alamar masu agaji. Yarjejeniyar da aka ƙara a kan ta Janiba a 1977 ta fayyace inda iyakar take: ka yi kwanton ɓauna, ka kafa tankokin roba, ka baza labarin ƙarya, duk ba laifi; amma kada ka ɗaga hannu kamar ka miƙa wuya, ko ka kwanta kamar ka ji rauni, ko ka shiga rigar farar hula, don abokin gaba ya saki jiki ka kashe shi. Hikimar a bayyane take. Soja ya san wanda ke gabansa maƙiyi ne, bai taɓa ɗaukar maganarsa da gaskiya ba. Farar tuta kuwa alkawari ce da kowane ɓangare ke rayuwa a kansa. In ka ci amanarta sau ɗaya, gobe mai rauni na gaskiya zai ɗaga ta a harbe shi.

Malaman fiƙihu sun riga Hague da ƙarnoni a kan wannan. Sun yarda da makida a fagen fama, amma sun tsananta a kan aminci: in Musulmi ya ba abokin gaba aminci, ko da ishara ce ya fahimce ta a haka, jininsa ya haramta. A kasuwa ma haka muke yi ba tare da mun sa wa abin suna ba. Mai kaya ya ce wallahi bai sayo haka ba, mai saye ya yi kamar zai wuce alhali ƙafarsa ba ta son tafiya, a yi ta albarka har a sallama. Kowa ya san wasan, ba wanda ya tashi da haushi. Amma a buga wa mudu gindi, ko a yi algus a ƙasan buhu, wannan ba ciniki ba ne kuma, domin mudu shi ne abin da mai saye bai zo da shirin tuhuma ba.

A labarin Huelva mutum ɗaya ne yake da hakkin ƙorafi, kuma ba Bajamushe ba ne. A littafin da Montagu ya wallafa a 1953 ya nuna cewa an nemi izinin dangin mamacin, bisa sharaɗin ba za a taɓa faɗin sunansa ba. Sai a 1996 wani mai binciken tarihi na sa-kai ya tono sunan a takardun gwamnati: Glyndwr Michael, ɗan yankin Wales, mai shekara 34, marar gida, marar aiki. Iyayensa duka sun riga shi mutuwa, kuma ba a ga wata shaida cewa an tambayi kowa nasa ba. An zaɓe shi ne daidai saboda ba shi da mai tsaya masa. Daga baya aka ƙara sunansa a kan kabarin. Shi dai ya riga ya mutu, ba abin da ya ji. Amma wannan hanyar zaɓe, a nemo wanda ba mai tambaya a kansa, ita ce za mu sake gani a wajen masu bincike, kuma su da rayayyu suka yi aiki.

A watan Agustan 1947 kotun Nuremberg ta gama shari'ar mutum 23, akasarinsu likitocin Nazi da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni, ta yanke wa 7 hukuncin kisa. Cikin hukuncin alƙalan, waɗanda Amurkawa ne, suka jera ƙa'idoji 10 na gwaji a kan ɗan Adam, ta farko ita ce yardar mutum da kansa, yarda ta sani, ba tilas ba yaudara. A ranar da ake karanta wannan hukunci, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta shekara 15 tana yin akasin haka a jihar Alabama.

A 1932 aka fara binciken, a gundumar Macon, tare da cibiyar Tuskegee. Aka tara maza baƙar fata 600, galibinsu talakawan manoma da ba su taɓa ganin likita ba: 399 masu ciwon tunjere, 201 marasa shi. Ba a gaya musu sunan cutar ba, an ce musu jininsu ne ba shi da kyau kuma gwamnati za ta yi musu magani kyauta. Manufar kuwa ita ce a zuba ido a ga yadda tunjere ke cin mutum in ba a yi masa magani ba, har zuwa teburin binciken gawa. Ana ba su abinci ranar gwaji, ana ɗaukarsu a mota, an yi musu alkawarin kuɗin jana'iza in iyali sun yarda a buɗe gawa. Da aka so ɗibar ruwan lakarsu, aiki mai zafi da ba ya warkar da komai, sai aka aika musu takarda cewa dama ce ta ƙarshe ta samun magani na musamman. Lokacin yaƙi, da aka kira wasunsu aikin soja, inda da an gano cutar an yi musu magani, masu binciken suka shiga tsakani. Zuwa 1947 fenisilin ya zama sanannen maganin tunjere. Ba a ba su ba. Wasu suka mutu, wasu matansu suka kamu, aka haifi 'ya'ya da cutar.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba a ɓoye ake yi ba. Ana buga sakamakon a mujallun likitoci, abokan aiki suna karantawa. Mutanen Macon kaɗai ne ba su sani ba. Sai da wani ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya gaji da rubuta ƙorafi a cikin gida ya kai wa 'yan jarida, labarin ya fito a watan Yulin 1972, sannan aka tsaya, bayan shekara 40. Aka biya diyyar dala miliyan 10, aka yi dokar bincike ta 1974, aka fitar da rahoton Belmont a 1979, wanda har yau kwamitocin ɗa'ar bincike ke tafiya a kansa. Shugaba Clinton ya nemi gafara a 1997, a gaban 'yan tsirarun da suka rage.

Shari'ar Stanley Milgram ta fi wannan wuyar yankewa, kuma ban ga adalci a haɗa su a kwando ɗaya ba. A 1961, shekarar da aka gurfanar da jami'in Nazi Adolf Eichmann a Kudus, wannan matashin malami na jami'ar Yale ya so ya san iya inda mutum zai kai in mai iko ya ce masa ci gaba. Ya yi talla a jarida cewa ana neman mutane don nazarin koyo da tunawa, ladan dala 4 da kuɗin mota. Wanda ya zo sai a yi ƙuri'ar da aka riga aka shirya, ya zama malami, a zaunar da shi gaban na'ura mai maɓalli 30, daga bolt 15 zuwa 450. Duk kuskuren da ɗalibin da ke ɗaya ɗakin ya yi, a ja masa lantarki, a ƙara gaba. Ɗalibin ɗan wasa ne, lantarkin ma babu shi. A bolt 300 sai a ji yana dukan bango, daga baya a ji shiru. In malamin ya yi turus, wani mutum cikin rigar ɗakin gwaji mai launin toka ya ce masa aikin yana buƙatar ya ci gaba. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe, wasu suna gumi, suna rawar jiki, suna dariyar da ba ta daɗi ba.

Ba yadda za a yi wannan gwaji in an faɗi gaskiya tun farko, kuma abin da ya nuna ya cancanci a sani. Amma masaniyar halayyar ɗan Adam Diana Baumrind ta yi tambayar da ta dace a 1964: wa ya ba shi izinin ya nuna wa mutum wannan fuska ta kansa, alhali abin da ya zo yi daban ne? Waɗanda suka saurari faya-fayan gwajin daga baya sun gano cewa da yawa sun koma gida ba a gaya musu dukan gaskiya ba, sai bayan watanni. Ƙa'idar masana halayyar ɗan Adam a yau ba ta hana ɓoye manufar gwaji gaba ɗaya ba. Ta gindaya sharuɗɗa ne: ya zama babu wata hanya, ya zama ba za a jawo wa mutum ciwo ko tashin hankali mai tsanani ba, a warware masa komai da wuri, kuma yana da ikon cewa a cire bayanansa.

Mu a nan ba labari muka ji ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, ma'aikatan kamfanin Pfizer suka zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano suka gwada sabon magani, Trovan, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki ta hannun ma'aikatan jinya, kuma cutar ce ta kashe yaran. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Kafin nan, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke kawowa hujja, cutar kuma ta sami hanya ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita.

Wurin da soja da likita suka haɗu a riga ɗaya shi ne Abbottabad, a Fakistan. A farkon 2011 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana zargin Usama bin Laden yana cikin wani gida mai dogayen katangu a garin, tana neman tabbaci. Sai aka sa wani likita, Shakil Afridi, ya shirya rigakafin ciwon hanta gida-gida, da fatan a sami ƙwayoyin halittar yaran gidan a gwada da na dangin bin Laden. Ranar 2 ga Mayu sojojin Amurka suka kai hari suka kashe shi. A watan Yuli jarida ta fallasa zancen rigakafin.

A ma'aunin Montagu dabara ce mai kyau: an nemo abin da ba a tuhuma, an ɓuya a bayansa. Amma abin da aka ɓuya a bayansa ba na CIA ba ne. Na matan da ke yawo da akwatin sanyi ne suna ƙwanƙwasa ƙofofi, waɗanda dama da ƙyar ake buɗe musu. Masu cewa rigakafi makircin Turawa ne sun daɗe suna faɗa ba hujja. Yanzu an miƙa musu guda. A watan Yunin 2012 wani kwamandan Taliban ya hana rigakafin shan inna a Waziristan ta Arewa, yana kafa hujja da hare-haren jirage marasa matuƙa da leƙen asiri. A watan Disamba aka shiga harbe masu rigakafin, akasarinsu mata. A Janairun 2013 shugabannin makarantun kiwon lafiyar al'umma 12 na Amurka suka rubuta wa Shugaba Obama takardar ƙorafi. Amsa ta zo a watan Mayun 2014: fadar shugaban ta ce CIA ba za ta ƙara amfani da shirin rigakafi ko ma'aikatansa wajen leƙen asiri ba. A wannan shekarar Fakistan ta ƙirga mutum 306 da shan inna ta kama, mafi yawansu ƙananan yara daga yankunan da aka hana masu rigakafi shiga.